Buhu Talatin a Ɗakin Inna

Sana'ata shinkafa ce. Ina sayen shanshera, wato mai ƙaiƙayi, a hannun manoma tun daga bakin fadama, in bai wa mata su turara, in kai inji a cashe, in loda wa motocin Kano da na kudu. Ban gaji wannan a wurin kowa ba. Da dako na fara a kasuwar Haɗejiya, buhu a ƙeya tun safe har la'asar, sai wani dattijo mai awo ɗan ƙauyenmu ya lura ba na ha'inci, ya zaunar da ni a gefen rumfarsa ya miƙa mini kwanon awo. Shi ya koya mini in tauna ƙwaya ɗaya in san ko shinkafa ta bushe, in san ma ƙasar da ta fito. Ya daɗe da rasuwa. Matarsa ce nake kira Inna, kuma maganarta zan yi.

Inna tana zaune a ƙauyenmu, kan hanyar Kirikasamma, a wani gida mai ɗaki biyu a unguwar tudu. Ɗanta namiji ɗaya ne, ya rasu ya bar mata jikoki uku, uwarsu ta sake aure a Malam Madori. Abin da ta mallaka a duniya ba ya wuce gidan nan, da rabin ganga biyu da take turara shinkafa a ciki, da 'yar gona a fadama wadda mijinta ya bari. Aikin turarawa ni nake ba ta. A gaban mutane tana ce mini Alhaji. In mu biyu ne, sai ta ce “ɗan nan”, kamar lokacin da nake zuwa karɓar tuwon mijinta in kai masa kasuwa.

Shekarar da jinga ta ɓalle a yammacin garinmu, ruwa ya shigo da rana tsaka, shinkafar damina tana gab da nuna. Ciyawar kacalla ta riga ta toshe wa kogi hanyarsa, sai ya bi ta gonaki. Kafin la'asar fadama ta zama tafki ɗaya, sai kawunan itatuwa. Sitona yana bakin kasuwar ƙauye, a kwari, da sauran shansherar rani buhu talatin a ciki. Na nemi wani abokina Bafulatani mai sayar da shanu ya ba ni amalankensa, muka yi sawu biyar muka jibge kayan a ɗakin Inna na biyu. Ita da jikokin suka matsu a ɗaya.

Da ruwa ya fara janyewa ya kamata in kwashe kayana. Ban kwashe ba. Ba zan yi wa kaina ƙarya a rubuce ba: farashi yana hawa kullum, ni kuma jira nake. A lokacin gari ya ɗau zafi a kan 'yan kasuwa masu ɓoye abinci. An yi wa'azi a kai, matasa suna ta maganar fasa sito, mai unguwa ma ya same ni ya ce in ina da saura in fitar a sayar wa mutane da sauƙi. Na ce masa ruwa ya gama da ni. Daga nan na wuce gidan Inna.

Na ce, “Inna, kayan nan, in wani ya tambaya, ba nawa ba ne.”

Ta ce, “To na wa zan ce? Na aljanu?”

“Ki ce naki ne. Wa zai taɓa kayan tsohuwa?”

Ta yi dariya har da tafa hannu. “Yau na yi arziki! Ashe haka ake zama Hajiya, ana zaune.”

Ban ma buƙaci in roƙe ta ba. A wurinmu wanda aka bai wa ajiya ba ya buɗe baki. Mace za ta riƙe kayan wani shekaru a ƙarƙashin gadonta, 'yarta ta cikinta ba ta sani ba. Mutanen da suka taso a bakin ruwa sun saba da haka: na kwari ya kai wa na tudu, na tudu ya yi shiru har mai kaya ya dawo. Wanda ya tona ajiya ko sau ɗaya, ya gama a gari. Na san wannan, kuma da shi na yi amfani.

Bayan kamar mako uku aka ce masu tallafi za su zo. Wata ƙungiya ce mai aiki tare da hukuma. Suka tara mu a filin firamare, shugabansu, wani matashi mai natsuwa, ya yi bayani. Ya ce wannan karon ba za a miƙa wa kowa takarda a ce ya rubuto sunaye ba. Ma'aikatansu za su bi gida gida, su yi tambayoyi, su gani da ido, su ɗauki hoto, na'ura ce za ta auna ta fitar da waɗanda suka fi buƙata. Wanda ya shiga zai sami katin karɓar kuɗi duk wata, in kuma yana da gona a fadama a ba shi injin ban ruwa da iri da taki don noman rani. Bayan an gama za a dawo a karanta sunaye a bainar jama'a, mai gyara ya yi gyara.

Wallahi tsarin ya burge ni. Ni ɗan kasuwa ne, na sha ganin buhun tallafi ya shigo kasuwa da tambarinsa bai ko goge ba, a hannun mutumin da gidansa ke da bene. Na miƙe a wurin na yaba, na ce wannan shi ne aiki. Ina jin wannan yabon ne ya sa aka saka ni cikin kwamitin mutum biyar da za su shaida sunaye: mai unguwa, liman, shugabar mata, ni, da abokina mai shanu.

A raina na riga na sa Inna a sahun farko. Shinkafarta ta nutse gaba ɗaya, irin da ta ajiye sun cinye. In ba ta sami inji da iri ba, gonarta za ta kwana rani babu shuka, kuma gonar fadama in ta kwana babu shuka ba ta daɗewa a hannun mai ita, balle tsohuwa. Ƙanen mijinta ya daɗe yana zagaya gonar. Duk na yi wannan tunanin. Abin da ban tuna ba shi ne buhunan. Mutumin da ke alfahari ba ya manta kwano ɗaya, ya manta buhu talatin.

Ranar da suka bi unguwar tudu ina kasuwar Kafin Hausa.

Aka zo ranar karatun suna. Filin firamare ya cika, maza a gaba, mata a gindin darbejiya. Mu 'yan kwamiti aka ba mu benci kusa da tebur. Matashin ya yi ta karantawa, wanda ya ji sunansa ya ce “na'am”, mata su yi guɗa ƙasa-ƙasa. Aka gama unguwar tudu ban ji sunan Inna ba. Shugabar mata ce ta ɗaga hannu.

Ta ce, “Ranka ya daɗe, akwai tsohuwar nan mai turara shinkafa, mai marayu uku. Ba a kira ta ba.”

Matashin ya duba na'urarsa. “An je gidanta. An samu shinkafa buhu talatin a ɗaki, ta kuma tabbatar tata ce. Ga hoton nan.”

Filin ya ɗauki guna-guni, sannan dariya. Wani daga baya ya ɗaga murya, “Ashe Inna ce ta ɓoye mana shinkafar garin nan!” Wata a cikin mata ta ce, “Hajiya, a taimaka mana da kwano ɗaya mana.”

Abokina mai shanu ya zungure ni da sandarsa a ƙafa. Mu Barebari ne ta wajen kaka, shi kuwa Bafulatani, don haka wasa a tsakaninmu ba ya ƙarewa, amma wannan karon bai yi murmushi ba. Ya raɗa mini, “Kai bawana, harshen naka ma ruwa ya tafi da shi? Shanuna ne fa suka ja kayan nan.”

Na ce, “Yi shiru, Baffa. Gobe zan gyara.”

“Gobe? Mutumin nan yau ya ce.”

Matashin ya juyo wajenmu. Ya ce in akwai ɗan kwamitin da ya san wani abu a kan wannan gida, ya faɗa yanzu, don daga yau za a rufe. Na dubi filin. Mutane ne waɗanda suka yi wata guda suna cin abinci sau ɗaya. Ga mai unguwa a gefena, wanda na ce wa ruwa ya gama da ni. Na auna abin kamar yadda nake auna komai. In na yi magana, na zama maƙaryaci a gaban gari, a cire ni daga kwamiti, wataƙila kafin magariba a fasa ɗakin. In na yi shiru, gobe in je ofis in same shi mu biyu. A kasuwa haka muke yi. Ba a warware magana a tsakiyar taro, bayan rumfa ake komawa. Duk rayuwata ban taɓa ganin abin da ba ya gyaruwa a bayan rumfa ba.

Da bai ji komai daga gare mu ba, sai ya tambaye ta da kansa. “Baba, tsakaninki da Allah, shinkafar nan taki ce?”

Inna ta gyara mayafinta. Ba ta dube ni ba, ko da wutsiyar ido. Ta ce, “Na riga na faɗa wa yarinyar da kuka aiko.”

Aka wuce unguwa ta gaba.

Washegari da hantsi ina ofishinsu a Haɗejiya. Matashin ya karɓe ni da mutunci, ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, “Alhaji, jiya ce ranar wannan maganar.”

Na ce, “Na sani. Shi ya sa na yi sammako.”

Ya ce sunayen sun tafi tun jiya da yamma, shi kansa ba shi da ikon ƙara ko rage ɗaya. Da gangan aka yi haka. “In na buɗe maka yau saboda gaskiya ka zo da ita, gobe wani mai babbar riga zai zo da sunan surukarsa, shi ma ya ce gaskiya ce. Kai ne fa ka miƙe ka yabi wannan tsari.”

Ya kira ma'aikaciyar da ta je gidan, wata yarinya 'yar Malam Madori. Ta tuna Inna sarai. Ta ce ta tarar an share tsakar gida fes, an shimfiɗa mata tabarma, an kawo ruwa a kwanon sha mai murfi. Ta tambaya ko sun ci abinci jiya, Inna ta ce alhamdulillahi. Sau nawa? Yadda Allah ya hore. Da ta ɗaga labulen ɗaki na biyu ta ga buhuna har rufi, ta tambaya na wane ne, aka ce mata “nawa ne”.

Ta ce, “Alhaji, sau uku na tambaye ta. Na ga tukunyarsu, ganyen tafasa ne da ɗan ƙuli-ƙuli, babu ko ƙwayar hatsi. Na ce Baba, mai buhu talatin ce ke cin wannan? Ta ce kwaɗayi ne. Na san ajiya ce, a gidanmu ma ana yi. Amma a takardar babu wurin da za a rubuta ajiya. Naka ne ko ba naka ba, shi ke nan. In ta ce ba nata ba, sai ta faɗi mai shi.”

Suka ba ni takardar ƙorafi na cika, na sa hannu cewa kayan nawa ne. Matashin ya ce za a duba in an zo sabunta rajista. Na tambayi yaushe. Ya ce bai sani ba, kuma na ga alama da gaske yake.

Daga nan gidan Inna na nufa. Na same ta tana wanke gangunanta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar kullum, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, “Inna, na je ofis.”

“Sannu da ƙoƙari.”

“Sun ce an rufe.”

“Ai na ji ya faɗa jiya. Kunnena bai mutu ba.”

Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Abin da za su ba ta, ni zan ba ta: inji sabo, iri, taki, har mai. Ta ci gaba da dirzar gangar.

Can ta ce, “Ɗan nan, da a ce injin masu tallafi ne, nawa ne. An kira sunana a gaban gari, kowa ya ji, babu wanda zan je in durƙusa wa da safe. Naka kuwa naka ne. Gobe Allah ya yi maka rasuwa, 'ya'yanka su zo ɗaukar injin ubansu, wani ya ce ai har gonar ma a hannunsa take. Wa zai shaide ni? Ni da gari ya ji na ce kayanka nawa ne?”

Na ce, “Haba Inna, kyauta zan ba ki, a gaban liman.”

Ta ajiye soson ta dube ni, karo na farko tun jiya. “Ka aiko a kwashe shinkafarka. Tana nan yadda ka kawo ta, ko ɓera ban bari ya taɓa ba. Ni dai ba na sake riƙe wani abu naka a gidan nan, ko allura ce.”

Na ce, “To me kike so in yi?”

“A inda aka yi mini dariya, a nan za ka faɗa.”

Na faɗa. Amma tunda na ce gaskiya zan rubuta, bari in rubuta ta duka. Sai da na yi sati biyu, sai da buhunan suka hau motar Kano, sannan na miƙe bayan sallar Juma'a na ce shinkafar da aka gani a ɗakin matar marigayi mai awo tawa ce, ni na sa ta ta ce tata ce. Wasu suka yi salati, wani ya zage ni, mai unguwa ya yi kwana arba'in yana amsa gaisuwata da ka. Shi ke nan. Babu wanda ya fasa mini sito, babu manomin da ya daina sayar mini. Abokina mai shanu ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, “Ka ga abin da ka ji tsoro? Ko hularka ba ta faɗi ba.” Wannan maganar ta fi zagin ciwo. Matan da suka yi mata dariya kuwa ba sa cikin masallaci. Har yau akwai masu ce mata Hajiya mai buhu talatin, wasu da wasa, wasu ban sani ba.

Rani ya shigo. Waɗanda aka kira sunayensu suka karɓi injinansu, fadama ta cika da ƙara. Ban ce duk waɗanda suka shiga sun cancanta ba, amma mafi yawansu sun cancanta, fiye da duk wani rabo da na taɓa gani. Wannan ma yana cikin abin da ke damuna. Ba zan iya cewa tsarin ne ya cuce ta in huta ba. Tambayar da suka zo da ita ba ta san ajiya ba, gaskiya ne. Amma sun bar ƙofa ɗaya a buɗe domin irin wannan, suka zaunar da mutum biyar a bakinta, ni ne wanda ya san amsar.

Inna ta bai wa ƙanen mijinta gonar ya noma rani ɗaya, a raba amfani. Shekarar farko ya kawo mata rabonta, ya ci gaba da riƙe gonar. Ta biyu ya ce jan baki sun cinye, tsuntsayen nan masu sauka garke guda. Ta uku ya haɗe kunyar gonar da tasa, ya share iyaka. Na ce zan tsaya mata a kai magana gaban mai unguwa, ta ce in bari, shaidata ba za ta ƙara mata komai ba.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne rajistar nan ba ta shekara ɗaya ba ce. Duk wani tallafi da ya zo bayanta, daga cikinta ake ɗiba. Sau biyu ana rabo tun daga nan, sau biyu ina zuwa in tsaya a bayan taro in saurara har ƙarshe. An canza matashin, an kawo wani. Shi ma na kai masa kwafin takardar ƙorafina, ya karanta, ya ce in an zo sabuntawa. A cikin na'urarsu Inna tana nan da buhu talatin a ɗaki, shinkafar da mutanen Kano suka cinye tun shekaru.

Har yanzu tana turara shinkafa, amma ta wani ɗan kasuwa daga Kirikasamma, wanda ba ya kawo mata aiki sai ya rasa wasu. In na fitar da zakka ina aika mata. Tana karɓa saboda yaran, ta aiko maƙwabciyarta ta yi godiya. In na je gaisuwa a zaure take tarbata, ta ce, “Sannu da zuwa, Alhaji,” ko da mu biyu ne.

Ƙanen mijin nata kuwa ni yake kawo wa shansherarsa duk rani. Gonar Inna da ya haɗe da tasa tana bakin wani tsohon kwarin ruwa, ƙasarta baƙa, shinkafarta tana da cika. Bana ma ya zo da amalanke biyu, ya kwance bakin buhu ya ce in duba. Na ɗebi ƙwaya na tauna. Ba sai an gaya mini daga inda ta fito ba, da shinkafar wannan gonar mijin Inna ya fara koya mini. Ta bushe sosai. Na ce a sauke.